Gwajin Da Mai Kaya Ya Shirya Da Kansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin citta a Kwoi ko Kafanchan ya san ba a sayen buhu saboda abin da ke bakinsa. Mai kaya yakan ɗora manya-manya masu haske a sama, kuma ba wanda ke ganin laifinsa, haka ciniki ya gada. Amma falken da zai kai kaya Ikko ba ya tsayawa nan. Sai ya zura hannu can ciki, ko ya sa a zazzage buhun a ƙasa, ya ɓalla guda ya ga ko ta bushe har ciki, ya shinshina ko ta yi fumfuna. In mai kaya ya ce shi ne zai zaɓo wadda za a ɓalla, to, ciniki ya mutu ke nan.

Abin mamaki, mutanen nan masu wannan wayo, da 'yan'uwansu da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal, in aka zo batun kwamfuta sai su saki jiki. Alhali kuwa kuɗin ba kaɗan ba ne. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ɗalibin da ke Gidan Waya ko jami'ar jiha a Kafanchan kuwa ba shi da zaman lafiya sai da ita. Sai ka ga maigadi ko mai shago ya tara gumin wata da watanni, ya nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja don ya aika wa ɗiyarsa guda a gida, bai riƙe komai ba sai abin da ya gani a talla.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke sarrafa ta, kamar yadda direba ke sarrafa mota, wadda aka fi sani kuwa ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. A farkon 2007 kamfanin ya fito da sabuwa mai suna Vista, ba a jima ba ta yi baƙin jini. Jama'a suka yi ta kukan tana da nauyi, tana ƙin aiki da na'urorin buga takarda da suke da su tun da, kuma ta cika damun mutum da neman izini kafin ta yi abu kaɗan.

To, a watan Yuli na 2008 sai kamfanin ya yi wata dabara. Ya tara mutum 140 a birnin San Faransisko waɗanda ba su taɓa aiki da Vista ba, aka ce kowa ya ba ta maki bisa goma gwargwadon abin da ya ji ana faɗi. Aka haɗa aka raba, ta tashi da 4.4. Daga nan aka ce za a nuna musu wata sabuwa da ba ta fito ba tukuna, wai ita Mojave. Bayan nuni na kamar minti goma suka ba ta 8.5. Sai aka ce musu ai Vista ɗin ce aka sāke wa suna. An ɗauki hoton fuskokinsu suna ta mamaki, aka mai da shi talla.

A yi adalci, akwai ƙanshin gaskiya a abin da kamfanin ke son nunawa. Mutum yakan ƙi abu don kawai ya ji ana zaginsa, kuma abokin hamayyarsu Apple ya daɗe yana yi wa Vista ba'a a tallansa. Ba a kuma ce mutanen nan ƙarya suka yi ba.

Amma a dubi yadda aka shirya abin. Kamfani ne ya zaɓi kwamfutar, mai ƙarfi, wadda aka riga aka gyara mata komai. Gwani ne ya zauna yana jagorantar nunin, shi ya san inda zai taɓa da inda zai kauce. Ba wanda aka ce ya ɗauki manhajar ya je gida ya zuba a tsohuwar kwamfutarsa, ya haɗa da na'urar buga takardarsa, ya yi mako guda yana fama. Alhali kukan jama'a duka a nan yake. Wato an yi gwaji a kan abin da ba a yi ƙara a kansa ba, aka bar wanda aka yi ƙarar. Kuma kamfanin ne ya zaɓi fuskokin da za a fi nunawa. Wanda ya taɓa shiga molue a Ikko zamanin da take tashe ya san irin wannan: mai tallan magani na cikin magana sai wani fasinja ya miƙe ya ce shi ma ya sha ya warke. Ko da gaskiya yake faɗi, ba shi ne asibiti ba.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, a daidai lokacin kamfanin yana gaban kotu a Siyatul. Tun 2006 aka riƙa manna wa kwamfutoci tambari cewa za su iya ɗaukar Vista, masu saye suka iske da yawa ba sa iya ɗaukar komai sai mafi ƙarancin nau'inta. Wasiƙun cikin gida da shari'ar ta tono sun nuna har wasu manyan kamfanin sun koka da haka. A watan Oktoba na 2009 aka fito da Windows 7, Vista ta kama hanyar makabarta.

Irin wannan ba yau aka fara ba. A 1965 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan tallan kumfar aski ta kamfanin Colgate-Palmolive, inda aka nuna ana aske samfefa, ashe yashi ne aka barbaɗa a kan roba mai kama da gilashi. Kotun ta ce in ka gaya wa mai kallo cewa hujja yake gani da idonsa alhali shiri ne, ka yaudare shi.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kwamfutoci da yawa na hannu kuwa, irin waɗanda talaka ke iya saye, ba su cika sharaɗin hawa Windows 11 ba. Ana cikin wannan, a watan Yuni na 2025, kamfanin ya ce kwamfutocin Windows 11 kan fi na Windows 10 sauri har ninki 2.3. Da aka duba ƙananan rubutun ƙasa, sai aka ga sababbin injuna aka gwada da tsofaffi. An sa ɗan maraƙi tsere da tsohon sa, aka ce kirarin makiyayi ne ya sa ya ci.

Nijeriya tana da hukumar kula da tallace-tallace tun 1988, wato APCON, wadda dokar 2022 ta mayar ARCON, kuma aikinta ne ta duba talla kafin a sake shi. Ya kamata ta wajabta cewa duk tallan da ya zo da sunan gwaji, na kwamfuta ne ko na waya, ya faɗi a sarari wane ne ya biya kuɗin gwajin, a kan wace na'ura aka yi, mutum nawa aka tambaya, nawa ne suka ce a'a. A faɗe shi da baki, kuma da harshen da aka yi tallan, ba da rubutun da sai da tabarau ba.

Kafin hukuma ta motsa, mai zuwa Ikeja ya tafi da wanda ya san kan abin. A kunna kwamfutar a gabansa, a cire ta daga wuta a ga awa nawa batirin zai yi, domin ba kullum ake samun wuta a Kwoi ba. A buɗe irin aikin da yarinyar za ta yi da ita, a tambaya ko za ta hau Windows 11, kuma a sa mai shago ya rubuta amsar a kan rasit.