Kewar zamanin kaset a ɗakin da ba wuta

Daren jiya an ɗauke wuta a Paikon Kore, zafin Gwagwalada kuwa kun san shi, sai muka fito da tabarma waje. Abokin ɗakina ya kunna Shata a waya, kalangu na tashi kowa ya yi tsit. Can wani ya ce, "Kai, mutanen da sun more duniya wallahi." Duk muka gyaɗa kai har da ni, alhali Shata ya rasu a 1999, yawancinmu ko haifarmu ba a yi ba.

Sai na tuna wata waƙar Japan da na taɓa cin karo da ita a YouTube, Kandagawa, ta ƙungiyar Kaguyahime, ta 1973. Labarin saurayi da budurwa ne a ɗan ƙuntataccen ɗakin haya a Tokyo, sai sun taka cikin sanyi zuwa gidan wankan unguwa. Su ya dace su yi kewar wannan zamani, don yau famfo ke zubo musu ruwan zafi a cikin gida. Mu fa? Ko da safen nan jarka biyu na saya wajen mai ga-ruwa. Ta yaya za ka yi kewar abin da kake ciki tsamo-tsamo?

Kuma ku lura, mu maza ne muka fi wannan surutu. Na taɓa ce wa kakata waƙoƙin niƙa na da sun fi na yanzu daɗi, ta harare ni ta ce in durƙusa kan dutse tun asuba in niƙa kwano biyu na dawa, sannan in dawo mu yi maganar daɗi. Ranar da injin niƙa ya iso garinsu, ba wadda ta yi kuka. Shi ma Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wahalar karen mota ya waƙe, mu ne yanzu muke shafa mata zuma.

Abu ɗaya na yarda mun rasa: sauraro tare. Rediyo ɗaya a zaure, kaset ɗaya ya zaga unguwa har ya tsinke a liƙe shi. Yanzu mu huɗu a ɗaki, kowa da abinsa a kunne. Jiya ma rashin wuta ne ya haɗa mu. Wajen sha ɗaya da rabi yara suka yi ihun an kawo, muka watse neman caja, aka bar Shata yana yi wa tabarma waƙa.