Lasifikar Godiyar Kaka da Aninan Gwauruwa

Tsakanin watan Oktoba da Disamba, lokacin da aka kammala girbin masara da dawa, doya kuma ta cika kasuwannin Filato da Taraba da Kudancin Kaduna, majami'u da dama kan keɓe Lahadi guda domin godiyar kaka, wato sujadar da manomi yake kawo wani kaso na amfanin gonarsa gaban Ubangiji don ya shaida cewa ruwan sama da ƙasar noma da ƙarfin damtsensa duk aro aka ba shi. Al'adar tana da tushe a Littafi Mai Tsarki, domin a Maimaitawar Shari'a sura 26 an umarci Isra'ilawa su zuba nunan fari a kwando su kai wa firist, surar kuma ta keɓe zakkar shekara ta uku ga Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ranar ta marasa gata ce tun asali, kuma mai bayarwa yana sakin abin hannunsa ne saboda ya amince cewa wanda ya ciyar da shi bana ba zai manta da shi baɗi ba.

Abin da ya ɓata wannan rana a wurare da yawa shi ne lasifika. Da zarar an idar da wa'azi sai a miƙa ta ga wani mai zaƙin baki, a mai da gaban bagadi filin gwanjo, a ɗaga kabewa ko kwalbar zuma, a shiga kiran masu hali ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu da sarautunsu, kowa ya faɗi adadin da zai bayar, makaɗa kuma su saki ganga gwargwadon nauyin kuɗin. Wanda ya ambaci naira 500,000 akan miƙe masa tsaye da tafi da guɗa, fasto ya sauko ya ɗora masa hannu, wanda ya ce 5,000 kuwa a yi masa Allah ya sa albarka cikin gaggawa a wuce. Tsohuwar da ta ɗauko mudu biyu na acca a ƙullin zane tun daga ƙauye, ta ajiye a gefen tebur kafin a fara sujada, babu mai ambaton sunanta, kuma sau da yawa takan zame ta fice kafin a zo kan bencinsu, don kada a miƙa mata lasifikar a gaban jama'a ta rasa abin faɗa. Wannan wulaƙanci ne a ɗakin da bai kamata a wulaƙanta kowa ba, kuma ana yin sa da sunan godiya.

Babu Kiristan da ya taɓa zama a ajin Lahadi da bai san cewa a Matiyu sura 6 Yesu ya hana busa ƙaho lokacin ba da sadaka ba, ya kuma so a ɓoye ta ko ga ɗaya hannun mai bayarwar. Lasifika ita ce ƙahon wannan zamani, har ta fi shi kai wa nesa, tunda akan ɗaura ta a saman rufi ta yadda unguwa duka za ta ji abin da wane ya bayar. A Markus sura 12 ma, da Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali yana kallon masu zuba kuɗi, wadda ya kira almajiransa su gani ita ce gwauruwa mai anini biyu. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsawata wa ikilisiyar da take ba mai zoben zinariya kujerar gaba ta bar matalauci a tsaye. Masu kare al'adar sukan ce kiran suna yana zaburar da jama'a, kuma da shi ake yin rufi da sayen janareto, amma ma'ajin kowace ikilisiya ya san yawan alkawuran da ake yi a bainar jama'a waɗanda ba sa taɓa shiga asusu, ya san yadda yake bin manya gida gida har watanni su shuɗe, alhali accar tsohuwa tana nan a hannu tun safe. Ga kuma tsawon lokacin da ake ɓatawa, sujadar awa biyu ta koma ta awa biyar, masu goyo da tsofaffi suna zaune cikin zafi babu ruwa. A shekarar zaɓe abin ya fi muni, domin ɗan takarar da ba a taɓa ganin ƙeyarsa a addu'ar tsakiyar mako ba shi ake naɗawa shugaban taro, ya sayi kabewa da kuɗin da babu dattijon da zai tambaye shi inda ya samo su, ya fita da hoton da za a liƙa a bango.

Lasifikar kuwa reshe ce, saiwarta koyarwar da ake kira shuka iri, wadda take ɗaukar baiko a matsayin jarin da mutum zai zuba a hannun mai wa'azi don Allah ya mayar masa ninki ba ninki na kuɗi ko aiki ko aure ko haihuwa. Mai wa'azin nan na Amurka, Oral Roberts na birnin Talsa, shi ya yayata ta, musamman ta littafin da ya fitar a kanta a 1970, daga nan ta ratso manyan majami'un kudancin Najeriya ta rediyo da talabijin, yau kuma ta shigo har ikilisiyoyin da suke sujada da Hausa, inda ake raba ambulan da aka buga adadin kuɗi a bayansa da gurbin rubuta buƙata. A babban taron Lausanne na 2010 a birnin Kef Tawun, ɗan Najeriya Femi Adeleye ya gabatar da takarda a kan yadda wannan koyarwa take murɗe nassi, taron kuma ya yi tir da ita. Manzo Bitrus ya riga su, tun ranar da ya tsine wa kuɗin Siman mai sihiri a Samariya saboda ya zaci baiwar Allah abin saye ce.

Gaskiya ne Bulus ya yi misali da shuka da girbi a 2 Korantiyawa sura 9, sai dai masu ambulan ba sa faɗa wa jama'a inda irin ya nufa. Gudummawa ce ake tarawa domin matalautan Urushalima, waɗanda ya kafa misali da su kuwa ikilisiyoyin Makidoniya ne, mutanen da talauci ya yi wa katutu amma suka roƙi a bar su su sa hannu, bayan sun fara miƙa kansu ga Ubangiji. Girbin da ya yi wa Korantiyawa alkawari shi ne wadatar da za ta ishe su su ci gaba da yin alheri. Ruwan yana gangarowa ne daga mai ɗan abu zuwa ga wanda ba shi da komai, yayin da cinikin iri yake juya shi ya hau tudu, daga aljihun mai sayar da ƙosai zuwa garejin mai wa'azi. Gwauruwar Zarefat da ta toya wa Iliya waina da ragowar garinta ba ta zama attajira ba, abin da ta samu shi ne tulun gari da kwalbar mai da ba su ƙare ba har fari ya wuce, abincin yini bayan yini, kamar mannar jeji da takan yi tsutsa idan aka ɓoye ta don gobe. Bahaushe ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, bai ce zai cika masa rumbu bakwai don ya ba fasto ambulan ba.

Wanda yake son ganin irin wannan dogaro da idonsa ya tuna ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi ta kuma mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, dubban mutane suka kwararo Yola da ƙafa. Iyalai masu ɗaki biyu suka karɓi dangi da waɗanda ba dangi ba, aka ƙara ruwa a miya, aka shimfiɗa tabarmi har zaure, ba tare da kowa ya san ranar da baƙin za su koma ba. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Katolika ta Santa Teresa ga 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba, daga baya kuma dayosis ɗin ta gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da majami'a da masallaci domin Musulmin cikinsu. Tanadin Allah ya iso wa mutanen nan ta hannun maƙwabta waɗanda su ma ba su ƙoshi ba.

Haka abin yake a kowane mako a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya da suke tara mudun hatsi da sabulu da itacen girki su kai wa mai jego ko gidan makoki, ba ganga ba lasifika. Da irin wannan taro na ƙananan hannuwa ƙungiyar bishara ta ikilisiyar ECWA, ƙungiyar da aka kafa tun 1948, take tura masu bishara ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kuma tunda an ambace su, abin kunya ne a tara miliyoyi a birni a yini ɗaya don sauya tayil ɗin majami'ar da bai fashe ba, alhali mai bishara a ƙauye yana bin ɗan albashinsa na watanni, matarsa tana sussukar dawar wasu don a samu na makarantar yara. Dattawan ikilisiya suna da ikon gyara wannan a zama guda: a ajiye akwati rufaffe a bakin ƙofa, a daina karanta adadi da suna, a hana ɗan takara kujerar shugaban taro, a kuma fitar da kason gwauraye da marayu da masu bisharar ƙauye daga hatsin kaka kafin a taɓa ko mudu guda don gini.