Gwanjon Guangzhou Da Kayan Sallar Yara

Jama'a, ko wace shekara in azumi ya raba tsakiya sai ka ga kasuwa ta cika da kayan wasan yara, tun daga Kantamanto a Ankara har Kejetia a Kumasi, da teburan bakin hanya na Nima da Aboabo: ga motoci, ga 'yan tsana, ga jiragen roba, ga waɗansu masu kiɗa da walƙiya. Da yawa daga cikinsu na gwanjo ne, a buhu ake kawo su, kuma waɗansu buhunan daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin suke fitowa. Sunan garin ma in mutanensa suka faɗa sai ka ji kamar sun ce gwanjo. To, ana ta muhawara a zauruka ko ya dace mutum ya sayi abin da ɗan wani ya gama wasa da shi ya ba nasa ɗan ranar salla. Mu dai amsarmu ita ce babu kunya a ciki ko kaɗan, amma akwai amana, kuma a wuyan mai sayarwa ta fi nauyi.

INDA KAYAN KE FITOWA

Guangzhou babban birni ne a kudancin Sin, a bakin wani kogi mai shiga teku. Turawa suna kiransa Kanton, tsohuwar tashar ciniki ce. Tun shekarar 1957 ake yin babban baje koli a can, sau biyu a shekara. Mutanenmu na Afirka ta Yamma sun soma zuwa da yawa a ƙarshen shekarun 1990, suka ƙaru bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Unguwannin Xiaobei da Sanyuanli su ne suka zama kamar zangonsu. Mai neman sababbin kayan wasa kuwa wajen titin Yide yake nufa, da ginin Wanling, inda ake sayar da su sari. Da yawansu a Chenghai ake ƙera su, wani yanki na birnin Shantou, gabas da Guangzhou, a cikin lardin Guangdong ɗin dai.

Na gwanjo hanyarsu dabam. Ana tattaro su daga gidaje tare da tsofaffin tufafi da takalma da jakunkuna, a kai su manyan sito a bayan gari, a ware na ƙyalle gefe guda, na roba gefe guda, a ɗura a buhu, a sayar da awon kilo. Akwai dalilin da ya sa waɗansunsu ke da sauran kyau ƙwarai. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 hukumar Sin ta ƙayyade wa yawancin ma'auratan birni haihuwar ɗa guda. Gidan da yaro ɗaya ne, ba ƙane ba ƙanwa, in ya girma babu mai gadon kayan wasansa. A wurinmu mota ɗaya sai ta ratsa hannun yara shida kafin ta mutu. A can sau da yawa hannu ɗaya ta sani.

Akwai kuma wani abu da ya kamata fatakenmu su sani. Tun 2007 dokar Sin ta ce yawancin kayan wasan da za a sayar a cikin ƙasar, na roba da na ƙarfe da masu batir da 'yan tsana da kekunan yara, sai an gwada su an ba su tambarin CCC. Wannan doka ba ta hau kan kayan da aka yi musamman domin fitarwa waje ba, su ƙasar da za a kai su ita ce za ta kula. Watau ke nan, tsohon abin wasa mai suna wanda aka yi wa ɗan Guangzhou yana iya fin sabo marar suna wanda aka yi domin kasuwar da ba a bincike. Saboda haka kada wanda ya saya wa jikansa na gwanjo ya ji ya gaza. Sabunta ba ita ce shaidar lafiya ba.

ABIN DA GWANJO YA RASA

To, ina aibin yake? Aibin shi ne kwali. Sabon abin wasa yakan zo a kwalinsa, a jikin kwalin an rubuta sunan wanda ya ƙera, da lambar kayan, da shekarun yaron da ya dace a ba, da gargaɗin kada a ba ɗan ƙasa da shekara 3. Na gwanjo tsirara yake zuwa. Kwali ya tafi bola tun a Sin, gargaɗin ya tafi tare da shi. A cikin buhu ɗaya abin ɗan shekara 10 yana cuɗe da na mai rarrafe.

Ga misalin amfanin suna da lamba. A farkon watan Agusta na 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya yi shelar a mayar masa da kayan wasa wajen miliyan ɗaya da rabi, domin an sami dalma a fentinsu. A Foshan aka yi su, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou. Bayan mako biyu ya sake kiran waɗansu fiye da miliyan 18, yawancinsu saboda ƙananan maganaɗisu da ke faɗowa daga jikinsu. A watan Satumba kamfanin ya nemi gafarar Sin, ya ce yawancin kayan da aka kira laifin daga tsarinsa ne, ba daga maƙeran Sin ba. Mun kawo wannan domin kada a ce kayan Turawa tsarkaka ne, na Sin ne kaɗai abin tsoro. A 2008 Amurka ta yi doka ta hana sayar da duk abin da aka yi shelar mayarwa, ko da a kasuwar gwanjo ne.

Sai a lura, irin wannan shela mai kwali da rasit take iske wa. Ba kowa ne ke mayarwa ba. Abin da ba a mayar ba yana nan a gidajen mutane, daga nan sai kyauta, daga kyauta sai buhu, daga buhu sai jirgin ruwa. In ya sauka a Tema babu mai iya tambayarsa asalinsa. Wanda ya buɗe buhun nan shi ne mai gadin ƙarshe tsakanin abin da bakin yaro.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A TSINCE

Na farko, ƙananan abubuwa. Masu gwaji suna da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3 da 'yan kai, duk abin da ya shige cikinsa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 3, gama yana iya toshe masa numfashi. Mu da ba mu da bututun muna da goro. Abin da bai fi babban goro ba, kada ya je hannun ƙaramin yaro. A ja idon 'yar tsana da ƙarfi, a ja ƙafar mota, a ja maɓalli. Abin da ya cire a hannunka zai cire a bakinsa.

Na biyu, batir ɗin nan mai kama da kwabo, wanda ake sa wa masu kiɗa da walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin sa'a 2 yana iya ƙona naman wurin. Murfin batir lalle ya zama an ɗaure shi da kusa mai murɗi. Na gwanjo sau da yawa kusar ta ɓace, ko an manne murfin da salatif. Irin wannan a cire batir ɗin a sayar da shi bebe, ko a yar. In kuwa an yi zaton yaro ya haɗiya, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye, kada a sa shi amai.

Na uku, maganaɗisu. In yaro ya haɗiye biyu ko fiye, sai su jawo juna daga lungu biyu na hanji, su matse naman tsakani har ya huje. Da fari sai a ɗauka ciwon ciki ne na cin naman salla.

Na huɗu, fenti mai ɓarewa, musamman a kan tsofaffin kayan ƙarfe da na katako da sarƙoƙin ado na 'yan mata. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Dalmar fenti ba ta kai wannan yawa ba, ba ta cika kisa ba, amma tana taruwa a jiki a hankali tana dakushe ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma da aka sani marar cutarwa. Yaro yana nan yana gudu yana dariya, sai an kai shi makarantar allo a ga karatu ya ƙi zama, a yi ta dukansa a kan abin da ba laifinsa ba. Ido ba ya gane dalma, saboda haka duk mai fenti yana ɓarewa a raba shi da yara.

Abin da ya tsira daga waɗannan huɗu, a wanke shi da sabulu, na ƙyalle da ruwan zafi, a shanya a rana ya bushe sarai. Robar da ta tsage ta yi kaifi, ko ta soma danƙo a hannu, ta gama aikinta.

GA FATAKE

Iyayenmu da suka kafa zangunan nan fataucin goro ya kawo da yawansu, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, daga baya Kumasi. Ba su taɓa ɗaukar huhu daga Gwanja su kai Hausa ba tare da sun kwance shi a hanya ba. Sukan zauna su tsince mai sankara su zubar, su sake ganye, su ɗaure. Ba su kira wannan hasara ba, gama sun sa shi a lissafi tun wurin saye. Wannan ita ce sana'ar da muke roƙon masu zuwa Guangzhou su komo gare ta.

Kada a yi cinikin biri a sama. Mai sito zai nuna maka buhu mai kyau, ko ya aiko maka da hotonsa a waya. Ka ce a kwance wanda kai ka nuna da hannunka, a zazzage a ƙasa. In aike ka yi, wakilinka ya yi haka. Sa'an nan ka sa a ranka wani kashi na bola ne. Misali, in ka ga a cikin ɗari goma sha biyar ba su dace da hannun yaro ba, to kuɗin buhu da na jirgi da na kwastan a kan tamanin da biyar za ka raba su. In ciniki bai fita a haka ba, bar shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jirgi yakan yi fiye da wata guda kafin ya iso Tema, saboda haka a yi oda da wuri domin a sami kwanakin tsincewa. Kayan da suka iso daren salla, daga buhu sai tebur, ba mai dubawa.

Abin da aka tsince kuma a fasa shi kafin a zubar. Mun san al'adar kasuwa: mai kyau a sa masa kuɗi, tarkacen a tara a faranti a sayar da araha, ko a raba wa yaran unguwa sadaka. Wa ke sayen na farantin? Gwauruwa mai marayu, da ɗan dako, da yaron da aka ba sidi biyu goron salla ya rugo da kansa. Watau mafi haɗari yana tafiya gidan da ya fi nisa da kuɗin asibiti. Malamanmu sun sha faɗa mana ɓoye aibin haja haramun ne, balle aibin da mai saye ba shi da wayon ganinsa. Masu sayarwa a tebur su riƙa tambaya, shekarun yaron nawa? Tambayar nan ita ce za ta maye gurbin rubutun da ya tafi da kwali.

GA IYAYE DA KAKANNI

Alhazai da Hajiyoyi, abu ɗaya mai ƙarfi ya fi biyar masu karyewa kafin la'asar. Ƙwallo babba, da mota mai ƙafa a dunƙule, da 'yar tsana mai idon zare sun ishi ƙaramin yaro murna. Shi bai san sabo ba, bai san gwanjo ba, ya dai san Kaka ya tuna da shi. A gidajenmu na haya kuma, inda tsakar gida ɗaya ce ga ɗakuna goma, abin da aka saya wa ɗan shekara 8 yakan ƙare a hannun jaririn maƙwabta, sai a sa ido a kan wannan. Yara in sun dawo yawon salla, uwa ta zazzage aljihunsu ta ga abin da suka sayo.

Muna roƙon sarakunan zango da limamai su sa wannan magana a cikin sanarwar Juma'ar ƙarshen azumi, shugabannin mata kuma su kai ta gidajen suna da na biki. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya raya mana zuriya, ya kai mu salla lafiya, amin.