Dokar Tsabtar Abinci da Dajin Bakin Gona

A cikin shekarar 1986 aka kafa wasu gonaki guda biyu a arewa maso gabashin Amurka, ɗaya ana ce da ita Indian Line a Jihar Masacusets, ɗaya kuma Temple-Wilton a Jihar Niyu Hamsha, waɗanda suka zo da wani tsari na ciniki tsakanin manomi da masu cin amfanin gonarsa. Magidanta su ne ke biyan kuɗinsu tun kafin a yi shuka, sa'an nan kowane mako a ba kowane gida kasonsa na kayan lambu har ƙarshen kaka. In shekara ta yi kyau kowa ya dara, in ƙwari suka cinye rabi kowa ya ɗauki nasa rabon hasarar. Wannan ya sha bamban da bashin da ɗan kasuwa ke ba manomi da bazara don ya kwashe hatsinsa da araha da kaka. Yanzu irin waɗannan gonakin jama'a sun kai dubbai a ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu ba sa amfani da takin zamani ko maganin feshi na kamfani.

Manomin da ya zaɓi wannan hanya yana da iyayen gida uku, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Akwai magidantan da suka ba shi kuɗi, waɗanda ke son abinci mai lafiya. Akwai dokar noman takin gargajiya ta 1990, wadda ƙa'idojinta suka fara aiki sosai a 2002, ta kuma wajabta masa ya kiyaye ƙasa da ruwa da itatuwa da namun dajin da ke gonarsa in yana son takardar shaida. Sai kuma hukumar tsabtar abinci da manyan masu saye, waɗanda suka daɗe suna kallon kowace barewa da kowane kwaɗo a matsayin jakadan cuta.

Ba don ƙaunar tsuntsaye kawai manomin ke barin kurmi a bakin gonarsa ba. Wanda ya rabu da maganin feshi dole ya nemi ma'aikatan da ba a biya. Zuma da danginta su ke barbarar furen kabewa da kankana, mujiya da shaho su ke rage masa ɓeraye, jemagu da ƙananan tsuntsaye su ke cinye ƙwarin da za su lalata ganye. Ciyawar bakin rafi kuwa tana riƙe ƙasa, tana kuma tace ruwan da ke gangarowa daga makiyaya kafin ya isa kan kayan lambu.

A watan Satumba na 2006 aka sami ɓarkewar cuta daga alayyafon da aka noma a Jihar Kalifoniya aka ɗura a leda. Ƙwayar cutar nan da ake kira Ikolai ta kama mutum wajen 200 a jihohi 26, uku suka mutu, cikinsu har da yaro ɗan shekara biyu. Masu bincike suka bi sawu har zuwa wata gona a yankin San Benito, inda suka tarar da irin ƙwayar a kashin shanu, da ruwan kogi, da kuma jikin aladun daji. Ba su iya tabbatar da ainihin hanyar da ta bi ta hau ganyen ba. Amma kasuwar alayyafo ta riga ta faɗi, kuma tsoro ya riga ya shiga.

Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. A 2007 manoma da dillalan ganye na jihar suka ƙulla yarjejeniyar tsabta a tsakaninsu, manyan kantuna kuma suka ɗora nasu sharuɗɗa waɗanda suka fi na yarjejeniyar tsanani. Masu duba gonaki suka riƙa rage wa manomi maki saboda itatuwa ko tafki a kusa da shuka. Manomin da ke gudun a ƙi sayen kayansa ba shi da zaɓi: aka sare itatuwa, aka kankare ciyawa har ƙasa ta zama fili fetal, aka ja waya, aka zuba guba da tarkuna. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2009 an kawar ko an lalata kimanin kashi 13 cikin ɗari na ɗan dajin bakin kogi da ya rage a Kwarin Salinas, inda ake noma mafi yawan latas ɗin Amurka.

To, an sami lafiyar da aka nema? A 2015 Daniel Karp da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka auna sakamakon gwaje-gwajen kayan lambu na shekaru da dama, suka gano cewa share dajin bai rage ƙwayar cutar ba, har ma an fi samun ƙaruwarta a wuraren da aka share. A 2018 kuma latas daga yankin Yuma na Jihar Arizona ya kwantar da mutum 210, biyar suka rasu, aka kuma sami ƙwayar a ruwan magudanar ban-ruwa da ke wucewa kusa da wani katafaren wurin kiwon shanu. Wato an bar jaki ana dukan taiki.

Duk da haka kuskure ne a ce namun daji ba su da laifi ko kaɗan. A 2011, a Jihar Oregon, kashin barewa ya gurɓata 'ya'yan sitiroberi na wata gona da ake sayar da kayanta a bakin hanya da kasuwannin manoma, har aka yi rashin rai. Ƙwayar cuta ba ta tambayar girman gona, ba ta kuma san cewa manomin da mai saye abokan juna ne ba.

Ranar 4 ga Janairu, 2011, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabuwar dokar tsabtar abinci. Daftarin ƙa'idojin da hukumar abinci da magunguna ta fitar a 2013 ya nemi a jira wata tara tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi, alhali ƙa'idar noman takin gargajiya kwana 120 ta ce in amfanin yana taɓa ƙasa, kwana 90 in ba ya taɓawa. Da an zartar da haka, da manomin da ya dogara ga takin dabbobinsa ya rasa shekara guda cur a kowace gona. Manoma suka yi ca da ƙorafi a rubuce, hukumar ta janye a 2014. Ƙa'idojin ƙarshe na Nuwamba 2015 sun faɗa ƙarara cewa ba a bukaci kowa ya kori dabbobi daga fili ko ya share dajin bakin gonarsa ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya riƙa zagaya gona, in ya ga alamar dabba ta ɓata wani wuri kada ya girbe shi. Hukumar ta cancanci yabo da ta saurara, ko da yake itatuwan da aka sare a Salinas ba takarda ce za ta mayar da su ba.

Dokar ta kuma sassauta wa gonar da cinikinta bai kai dala 500,000 a shekara ba, muddin mafi yawan kayanta kai tsaye take sayar wa masu ci, ko kantuna da gidajen abinci na cikin jiharta ko waɗanda ba su wuce mil 275 ba. Akasarin gonakin jama'a a nan suka faɗa. Wannan daidai ne, domin manomi mai eka goma ba zai iya ɗaukar akawu don cika takardu ba, kuma in cuta ta ɓulla ana sanin gidajen da suka karɓi kayan cikin yini ɗaya. Amma sassaucin takarda ba lasisin ƙazanta ba ne. Wajibi ne magidantan da suka zuba kuɗi su tambayi inda ruwan ban-ruwa yake fitowa, da ranar da aka zuba taki, da inda ma'aikata ke wanke hannu.

Ma'aikatan gona da na lafiya a ƙasar nan suna da dalilin nazarin wannan labari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a cikinsa, ta kuma ƙara wa'adin hanin da shekara uku a 2016. Duk mai son sayar da amfanin gona a ƙetare zai gamu da sharuɗɗan masu saye, kuma jami'in da ke ofis zai ga ya fi sauƙi ya kwafo su yadda suke ya aika wa malaman gona. Kafin a umurci mai lambu a fadama ya sare giginya ko ya cike kududdufi da sunan tsabta, lalle ne ma'aikatar da ta ba da umurnin ta fara ɗebo ruwan da yake ban-ruwa da shi ta kai ɗakin gwaji, ta kuma nuna wa manomin sakamakon.