Kukan Masoya White Sox

Jama'a, yau zancena na birnin Shikago ne, can Amurka, inda a ke son besbol, watau wasan nan da a ke bugun ƙwallo da sanda. Akwai wata ƙungiya can, White Sox, wadda ta zama zakara a 2005. Amma a 2024, cikin wasa 162 aka ka da ita sau 121. Rabon da a ga irin wannan faɗuwa tun 1899.

Abin da ya fi ƙona wa masoyanta rai shi ne dabarar shugabanni. A 2016 suka ba ƙungiyar Boston gwanin jifansu, Chris Sale, suka karɓi samari a madadinsa, suka ce a yi haƙuri. Aka yi. Samarin suka ɗan taɓuka a 2021, sa'an nan abu ya watse. Ƙarshen 2024 kuma suka sake ba Boston ɗin wani gwani, Garrett Crochet. Haƙuri dai!

Ni ina bayan masu kuka. Renon samari ba laifi ba ne, ƙungiyar Houston ta yi, ta zama zakara a 2017. Amma reno sai da kashe kuɗi. Har zuwa 2024 mai White Sox, Jerry Reinsdorf, bai taɓa ɗaukar ɗan wasa a kan dala miliyan 100 ba.