Na'urar da Ba Ta Jin Amsa

A gidajen kallon ƙwallo na Kazaure da Babura, har Roni da Gwiwa, abin da ke biyo bayan ɗauke wuta sananne ne. Da an tayar da janareta, dikoda takan farfaɗo da kanta, talabijin kuwa ta yi shiru, 'yar jar fitilarta kaɗai ke ci. Maɓalli ɗaya ne a jikin rimot ke kunnawa da kashewa, kuma rimot bai san halin da talabijin take ciki ba. Haske marar ganuwa kurum yake aikawa. Saboda haka duk na'urar da aka ɗora wa aikin kunna kayan kallo da kanta, muddin ba ta da hanyar ganewa, tana iya kashe abin da ke kunne, ana tsakiyar wasa.

Jikin ɗan Adam ba haka yake aiki ba. Jijiyoyin da ke kai umarni ga tsoka suna da abokan tafiya masu komo wa ƙwaƙwalwa da labari, shi ya sa mutum ke iya taɓa hancinsa ido rufe.

Hanyar gane halin talabijin kuwa tsohuwa ce. Tun 1820 Oersted ya nuna cewa lantarki mai gudana cikin waya yana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Zoben awo da aka maƙala wa waya ɗaya zai bambance talabijin mai barci, wadda sau da yawa ba ta cin wat 1, da mai aiki, mai cin wat gommai. Ya kamata malaman sakandare su sa wannan awo cikin darasin gwaji, a gabansu ba a ɗaki ba, tun kafin ɗalibi ya kai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure.