Randar Ram Fanc A Liyafar Bankwana: Ni Dai Ban Yarda Ba

Jama'a, tun da aka hana ni ƙarasa maganata a taron kwamitin liyafa, wai lokaci ya ƙure, bari in ƙarasa ta a nan inda ba mai buga mini tebur. Kowa ya sani ajinmu na ƙarshe zai yi liyafar bankwana, an kuma karɓi kuɗin kowa. An yi lissafin mutum ɗari da ashirin, har da malamai da iyalansu. Da aka zo kan abin sha, sai daraktan walwala ya zaro wayarsa ya nuna mana hoton wani ƙaton daron gilashi cike da jan ruwa, yankakken lemo da abarba suna iyo a ciki. Ya ce sunansa ram fanc, shi ake yayi a tsibiran Karibiyan, shi ya dace da taron wayayyu. Wai za a ajiye daro biyu, ɗaya da barasa ɗaya babu, kowa ya ɗebi wanda ya ga dama. Aka tafa. Ni kaɗai na ɗaga hannu, aka ce ga malamin zaure ya zo.

To, ba wa'azi na zo yi ba. Mai son hukuncin giya ya san inda masallaci yake, ya san inda coci take. A cikinmu akwai masu sha, wasunsu abokaina ne, ban taɓa ƙwace kwalba a hannun kowa ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan abin sha ɗin musamman, da kuma daron da za a zuba shi.

Bari mu fara da lissafi, tun da dai 'yan jami'a muke. Mutanen Barbados da Jamaika suna da ma'aunin da kowace tsohuwa ta haddace: awo ɗaya na tsami, watau ruwan lemun tsami, awo biyu na zaƙi, awo uku na ram, awo huɗu na ruwa ko ruwan 'ya'yan itace. Jimla goma, uku a ciki barasa ce. Ram ta gama-gari tana da ƙarfin kashi 40 cikin ɗari, saboda haka haɗin zai tashi wajen kashi 12. Amma mutumin Jamaika na ainihi da farar Wray & Nephew yake haɗawa, wadda ƙarfinta kashi 63 ne, haɗin ya doshi kashi 19 ke nan. Giyar kwalba da ake sayarwa a bakin hanya kashi 5 ce ko kusa da haka. Watau kofi ɗaya na fanc ya kama daga ninki biyu zuwa kusan ninki huɗu na kofin giya. Wannan bai shigo cikin hoton da aka nuna mana ba.

Abin da ya fi lissafin muni shi ne harshe ba ya jin sa. Giya tana da ɗaci, ogogoro yana ƙona maƙogwaro, burkutu tun daga ƙofar gida yake sallama da warinsa. Duk waɗannan suna faɗa wa mai sha abin da suke. Shi kuwa fanc an ƙirƙire shi ne don ya ɓoye kansa. Sukari ya danne zafin, lemun tsami ya kashe warin, ƙanƙara ta sanyaya harshe, a barbaɗa gyaɗar ƙamshi a sama. Mutum ya shigo da ƙishin rana, ya kwankwaɗi kofi uku kamar kunun aya, sai ya zo miƙewa ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Wanda ya raɗa mata suna ram ba Bahaushe ba ne, amma ram ɗin take kama mutum.

Sai a ce mini ai daro biyu ne. Haba jama'a! Wane ne cikinmu bai taɓa zuwa liyafa ba? Takardar da aka manna a jikin daro kafin awa ɗaya ta jiƙe ta faɗi. Ludayin wannan ya koma cikin wancan. Wani ya aiki wani, “ɗebo mini jan nan.” Wuta ta ɗauke, a ci gaba da ɗiba da fitilar waya. Ga kuma ɗan iskan da ba a rasa shi a kowane aji, wanda zai tuttula rabin kwalba a daron da aka ce babu komai, don ya yi dariya. Na gani da idona a wani biki shekaru biyu da suka wuce: yarinya mai hankali, ba ta taɓa sha ba, aka miƙa mata kofi aka ce lemo ne. Aka fitar da ita ana riƙe da ita, masu waya suna ɗauka. Har yau ba ta daina sunkuyar da kai ba in ta ga waɗanda suka halarci wurin, shi kuwa wanda ya miƙa kofin ko sunansa ba a sani ba. Kwalba tana da marfi da suna a jikinta, wanda ya buɗe shi ya zaɓa. Daro kuwa mai haɗawa ne ya zaɓar wa mutum ɗari da ashirin, ciki har da mai ciwon sukari, da mai shan magani, da mai juna biyu, da wanda zai tuƙa mota ya mai da mutane gida, da yaran malamai da za su ga jan abu su ruga.

Yanzu mu zo kan wayewar da ake tinƙaho da ita. Na tambayi daraktanmu ko ya san daga ina ram ta fito, ya ce daga kwalba. Rashin sani ya fi dare duhu. A shekarun 1640 Turawan Ingila suka mai da tsibirin Barbados gonar rake, a 1655 suka ƙwace Jamaika daga hannun Sifaniyawa suka yi mata haka. In an dafa ruwan rake an cire sukari, akwai wani baƙin maɗi mai kauri da ke ragewa. Shi ake jiƙawa ya yi tsami, a dafa a tara tiririnsa, ya zama ram. Sunan da aka fara sanin ta da shi a Barbados ma'anarsa mai kashe shaiɗan. Wa ke sarar raken, wa ke tura shi cikin injin da ke cinye hannu, wa ke tsaye gaban tukunya dare da rana? Bayi daga Afirka ta Yamma. Daga nan a ɗauki baƙin maɗin zuwa Rod Ailan ta Amurka a dafa ram, a loda ganguna a jirgi a kawo gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana, a musanya da waɗansu mutanen, a kai su su noma wani raken. Gumin bawa ake dafawa a sayi ƙaninsa. A cikin waɗanda aka kai Jamaika har da masu ilmi irin su Abubakar Siddiƙu, haifaffen Tambutu, wanda da Larabci yake rubuta wa ubangidansa lissafin kaya, bai sami kansa ba sai 1834.

Ba ina cewa jikokin waɗannan bayi sun yi laifi don sun riƙe ram ba. Su suka biya kuɗinta da bayansu, sun mai da ita tasu, suna zuba ta ƙasa don matattunsu, suna shafa ta ga mai zazzaɓi. Wannan tarihinsu ne. Amma mu da muka gan ta jiya a waya, mu ɗauko ta mu ce ita ce shaidar mun waye? Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ga abin dariyar ma. In Kirsimeti ta zo a Jamaika, abin shan da kowane gida ke alfahari da shi ana kiransa sorel. Mene ne sorel? Zoɓorodo ne, zoɓon nan namu, da citta da kayan ƙamshi, wanda masana suka fi rinjaya a kan cewa daga Afirka irinsa ya ƙetara a zamanin cinikin bayi. Gaskiya ne da yawansu suna ɗiga masa ram, ba zan ɓoye ba, amma zoɓon shi ne uban tafiya. A Meziko kuwa sunan zoɓo ma Jamaika, kuma buhunan da manoman Jigawa da Kano ke shanyawa suna cikin abin da ake lodawa a jirgi a kai musu. A Senegal bisaf ne, a Sudan da Masar karkade, a Gana sobolo. Duniya ta zagayo tana neman abin da muke sayarwa a ƙulle cikin leda a ƙofar ɗakin karatu, mu kuma muna jin kunyar sa shi a kan tebur mai mayafi.

Daraktan ya ce zoɓo abin shan suna ne da ɗaurin aure, ba na dina ba. To a gyara shi mana. A dafa shi da ɓawon abarba da citta da kanumfari, a matsa lemun tsami, a yanka kankana da kokwamba a watsa a sama, a zuba a wannan daron gilashin da ya tsone masa ido. Gefe guda a sa kula ta kunun aya da dabino da kwakwa, wata ta tsamiya. Kuɗin kwalaben ram da za su ishi rabin taron ya isa ya cika waɗannan duka, har a ƙara nama. Mai son barasa ya sayi abarsa da kuɗin aljihunsa, cikin kwalbarta da marfinta, a inda doka ta yarda a sayar masa, kada a sa kuɗin waɗanda ba sa sha a ciki.

Ranar Alhamis kwamiti zai sake zama da ƙarfe huɗu, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya biya. Zan zo da jarka guda ta zoɓon da na bayyana, a ɗanɗana kafin a jefa ƙuri'a. In aka rinjaye ni, ma'aji ya shirya mini kuɗina, kuma zan tsaya a ƙofar zauren ranar liyafa in gaya wa duk mai shiga abin da ke cikin daron.